Munduwar Iska a Hannun 'Yar Gangara

Tun da na dawo daga Yamai mutanen gindin darbejiya ba su bar ni na zauna lafiya ba. Wanda ko Isa bai taɓa wucewa ba sai ya tare ni yana tambaya ko gaskiya ne kogin can ya fi gulbinmu faɗi, ko gaskiya ne Zabarmawa da cokali suke cin tuwo. Bakina ya gaji. Na ce bari in rubuta sau ɗaya, mai so ya nemi wanda zai karanta mishi. Kada kowa ya raina rubutun. Aji huɗu na yi kafin babana ya gane gona ta fi makaranta buƙatata, kuma a majalisarmu ta Unguwar Lalle, in aka cire mai sayar da magani, babu wanda ya kai ni zurfi a boko. Ƙarshen labarin kun san shi, kun zo kun zauna tare da ni a kan tabarma. Tsakiyar ce ba ku sani ba.

Saboda Tumba aka yi tafiyar. Tumba matata ce, uwar ɗiyata Rabi. Ni ban cika kiran ta da sunan ba, 'yar Gangara nake ce mata, don daga can aka kawo mini ita. Ita kuma Malam take ce mini, ba don na karantar da kowa ba.

Damina biyu a jere ruwa ya yi mana rowa. Gero ya fito ya kai gwiwa ya tsaya yana kallon sama har ya bushe a tsaye. Rijiyarmu ta ja baya, sai an ƙara igiya a kan igiya, abin da guga ke kawowa kuma rabinsa laka. A kan hanyar rijiyar nan ciwon ya fara nuna kansa. Sai ta aje tulu ta dafe ƙirji, ta ce kamar an ɗora mata turmi. Aka kai ta asibitin Sabon Birni, aka ba ta ƙwayoyi, aka ce zuciya ce, abin ya fi ƙarfin nan. Rabi tana aure a Yamai, mijinta Isuhu fataucin albasa yake yi. Suka aiko a kawo ta, wai akwai likita a can mai leƙa cikin zuciya ta hannu. Na ce ta hannu kuma? Ni a aji huɗu ta baki aka ce mana ana shiga cikin mutum.

Kafin mu tashi akwai wata rigima da sai na faɗa muku, don ita ta bi mu har Yamai. Tumba na da irin gero da ta gada wurin uwarta, gajere, mai saurin nuna. Kowace kaka ita ke zaɓen zangarniya ta ɓoye, kowace damina ita ke shuka shi. Ni ina gaba da sungumi ina saran rami, ita tana baya da ƙwarya tana zubawa tana rufewa da ƙafa. Haka muke tun ina da haƙora duka. Da rumbu ya koma sai iska, na ce ta fito da irin nan a daka a yi mata kunu, jikinta na buƙata.

"Ɓera ya cinye," in ji ta.

"Duka?"

"Duka."

"Ɓeran nan ya bar ko ƙaiƙayi in gani?"

"Mai tsabta ne."

Na duba ƙarƙashin gado, na duba cikin tukwanen jere, har rufin ɗaki na soka wa sanda. Tana zaune tana kallona, ta ce in na gama in share ƙasar da na zubo.

Da babura biyu muka bar Sabon Birni, muka bi gefen gulbi muka yi arewa. Gulbin yashi ne zalla. Muna tafiya muna gamuwa da Fulani suna gangarowa kudu da abin da ya rage musu. Na hangi Arɗo Buba, wanda shanunsa ke kwana a gonata bayan girbi, yana tafe a bayan 'yan shanun da za ka iya ƙirga haƙarƙarinsu daga kan babur. Muka tsaya.

"Ina za ku, kowa na gudowa kuna shiga?" in ji shi.

"Za ni kai 'yar Gangara a gyara mata zuciya."

"In an gama a gyara taka."

Ya yi dariya, amma idonsa na kan wata jar saniya da ta durƙusa a yashi ta ƙi tashi. Tumba ta kwance gorar ruwanmu ta miƙa mishi. Bai sha ba, ya jiƙa tafinsa ya shafa wa saniyar a hanci. Muka bar shi nan tsugune.

A bakin iyaka aikina ya zo. Da ma don bokona aka ce ni zan fi dacewa da rakiya, ba ƙanenta ba. Na gyara hula, na tunkari jandarma, na ce mishi gud monin sa, da murya irin ta hedimasta. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya dubi zanen fuskata, ya ce, "Baba, ina kwana, ina gajiya? Wane gari a Gobir?" Ashe ɗan Tsibirin Gobir ne, Hausarsa ta fi tawa tsufa. Ya ga yadda Tumba ke numfashi, ya kawo mata benci da ruwa, ya ce mu wuce Allah shi ba da lafiya. Da muka hau babur ta ce, "Malam, bokon naka a nan ya ƙare?" Na ce na aje shi ne wurin jandarma, in mun dawo in karɓa. Gaskiya ce kuwa, daga nan har Yamai Faransanci ake yi, ban sake samun inda zan kashe ko kalma ɗaya ba.

A Maraɗi muka kwana gidan wani ɗan'uwan Isuhu. Mutanen kirki. Da safe aka kawo shayi da burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, taurinsa ma haka. Na kai mishi hari da haƙoran da suka rage mini, ya yi nasara. Sai da matar gidan ta tausaya ta nuna mini a shayi ake tsoma shi. Tumba ta ci rabin nata, ta ƙulle rabi a bakin zane. Haka ta yi da duk abin da aka ba ta a tafiyar nan, kilishi, dabino, har sukari. Fari ya koya mata. Na ce wa za ki kai wa? Ta ce ɓera.

Babbar mota muka shiga daga Maraɗi, mai sanyi a ciki kamar randa. Yaron motar babban mutum ne mai furfura, Bazabarme. Yana ganin zanena ya ce wa direba wa ya saki bawansa ya hau mota ba izini. Ku da ba ku fita ba, ku sani: tsakaninmu Gobirawa da Zabarmawa wasa ne, kowa na cewa shi ne ubangidan wani, kuma ba a fushi. Na ce mishi ni na zo duba dukiyata ne, in ga ko suna cin abinci. Ya ba mu kujerar gaba don kada girgiza ta dami Tumba, yana yi yana cewa kada in saba.

Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Tumba ba ta kalli gari ko ɗaya ba. Gonaki take kallo. Ta ce nan sun yi sammakon shuka, nan ko kara ba su samu ba, nan rumbunansu a buɗe suke. Kusa da Doso turmin ya dawo mata kan ƙirji. Wata mata mai goyo ta tashi ta bar mata wurinta ta miƙe, ta sa mata ƙwayar a baki, tana yi mata fifita da mayafi. Ni ina zaune kusa, hannuwana a kan gwiwa. Abin da na yi ke nan, na zauna. A gabanku nake faɗa, wanenku zai kama matarsa a cikin mota cike da jama'a?

Yamai gari ne, ba zan ce ba gari ba ne. Da muka hangi kogin Tumba ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wanga ruwa duka tafiya yake, ba mai tare shi?" A gidan Rabi kuwa famfo ne a tsakar gida. Kwanakin da muka yi ana kai ta awo ana dawowa, a gindin famfon nan ta yi su. Ta murɗa, ta tara hannu, ta kalli ruwan garau, ta rufe. Jikokinta in suka bar shi yana ɗiga sai ta tashi da ciwonta ta je ta ƙara murɗewa. Isuhu in ya shigo gaisuwa, tun daga zaure yake cire takalmi ya durƙusa, ita kuma ta ja mayafi ta juya fuska, ba ta ko shan ruwa a gabansa. A nan dai Yamai ba ta canza kowa ba. Abincinsu dambun zogale ne da ƙuli, da kifi kusan kullum. Na ci, ban yi ƙorafi ba, sai dai furarsu ruwa ce aka nuna wa gero.

Ranar aikin da safe aka shiga da ita. Nas ɗin da aka ba mu wata Bazabarma ce, Madam Gambi, gajeriya mai faɗi, tana jin Hausa kamar 'yar Ƙonni. Tana ɗaga ido ta gan ni ta ce, "Alhamdu lillahi, an kawo mini mai shara." Na ce na zo karɓar harajin bara ne. Daga nan muka shirya.

Ita ta yi mini bayanin yadda ake shiga zuciya ta hannu. Ta ce in taɓa tsintsiyar hannuna ta gefen babban yatsa, inda ke bugawa. Ta ce wannan jijiya hanya ce har zuciya. Ta nan likita zai huda ya zura wani siririn tiyo, ya tura shi a hankali har ya isa, ya watsa magani, hanyoyin jini su fito a allo. Ta ce ba irin jijiyar da ake ɗibar jini ba ce a sa auduga a tafi. Wannan jininta da ƙarfi yake fita, ga shi kuma za a ba ta maganin tsinka jini don kada ya daskare a kan tiyon. Shiga ba ta da wuya, in ji ta, rufe ƙofa bayan an fito ne aiki.

Da hantsi aka fito da Tumba a kan gado mai taya, idonta biyu, tana cewa ba ta ji komai ba sai ɗumi a hannu. A tsintsiyar hannunta na dama an ɗaura wata munduwa ta roba, garau, kana ganin fata ta ciki. Bakinta mai mannewa ne irin na takalmin yara. A ƙarƙashinta akwai 'yar jakar iska daidai kan hujin, Madam Gambi ta ba ta iska da sirinji marar allura, yadda mai faci ke ba taya. Iskar ce ke danne jijiyar. Ta ce za ta riƙa zuwa tana rage iskar kaɗan-kaɗan, in jini bai biyo ba ta ƙara ragewa, har zuwa la'asar a cire gaba ɗaya. Kafin nan ba lanƙwasa hannu, ba dogara shi, ba jiƙa shi, ba taɓa munduwa.

Na ce wa Tumba, "Shekara nawa kina neman in saya miki munduwa, ga ta Allah ya kawo, har da iska a ciki."

"Ta aro ce," in ji ta.

Madam Gambi ta ce, "Kai Bagobiri, kai ne mai gadi. In ka ga jini, ka sa babban yatsa a nan ka danna da ƙarfi, ka kira ni. Zo ka gwada in gani."

Na gwada a hannuna.

"A hannunta na ce."

Tumba ta ja mayafi da hagu ta rufe fuska. Ɗakin gadaje ne a jere, labule ne kawai a tsakani, wasu ma ba a ja ba, ga 'yan jinya maza da mata.

"Na gane wurin," na ce. "Ni mai ilimi ne."

"Tun yaushe kuka yi aure?"

"Tun ba a haife ki ba."

"Kuma ba ka iya riƙe hannunta? To Rabi daga ina ta fito?"

Na ce wannan tambaya ce ta Zabarmawa, Bagobiri ba ya amsa ta. Ɗakin ya yi dariya, har Tumba na ga mayafinta na motsi.

Sai aka ce likita na kiran mu, ni da Isuhu. Ya nuna mana allon. Hanyoyin zuciyar Tumba ne, kamar gulbinmu da rassansa a bazara, nan ruwa, nan yashi, can wani siririn zare da ƙyar yake ratsawa. Yana Faransanci Isuhu na juya mini, idonsa a ƙasa. Ya ce ba wuri ɗaya ba ne da za a buɗe da tiyo. Sai dai a tsaga ƙirji, jikinta kuma ba zai ɗauka ba. Za a ba ta magani. Ba rijiya, ba daka, ba gona. Na ce Isuhu ya tambaye shi ko za ta ga damina. Likitan ya buɗe tafukansa sama. Wannan ba sai an juya mini ba.

Isuhu da Rabi suka tafi neman magungunan da ɗauko abinci. Na koma na zauna gefen gadon.

"Mi ya ce?"

"Ya ce zuciyarki ta fi tawa kyau. Rowa ce kawai ta yi mata yawa, ta toshe hanya."

Can aka kira azahar. Ta ce in ɗauki buta in cika a famfon bakin ƙofa, in kawo mata da roba. Na ce an hana jiƙa hannun, ta yi taimama, ko ta wanke sauran ta shafa a kan munduwar, malamai sun yarda.

"Malam, damina biyu ina alwala da ludayin laka. Wata rana ma ƙasa nake bugawa. Yau ga ruwa kamar idon jariri yana zuba ba igiya, ka ce in yi taimama?"

"Shafawa dai za ki yi."

"To. Kawo."

Na kawo. Ta ce in je in tambayo ina ne gabas, don ginin ya juyar da ita. Ban yi nisa ba na ji ƙarar abin mannewar nan, ƙyarrr. Kun san matanmu, ko zobe ne sai sun motsa shi ruwa ya shiga, balle abin da ya rufe tsintsiyar hannu. A wurinta ba wani abu ta yi ba, ta cire munduwa ne za ta yi alwala ta mayar.

Na sha yanka rago, na san jini. Amma ban taɓa ganin na mutum yana tsalle ba. Siriri ne, yana fita yana tsayawa, yana fita yana tsayawa, har ya kai labule. Tumba na kallonsa kamar ba nata ba. Ban san lokacin da na isa ba. Na kama hannun da hannuwana biyu, na sa babban yatsa inda aka nuna mini, na danna har na ji ƙashi. Na kira Madam Gambi da sunanta, ban ce baiwata ba.

Ta zo da gudu, ta leƙa ƙarƙashin yatsana, ta gyara shi kaɗan, ta ɗaga hannun sama. Munduwar ta faɗa cikin robar ruwa, ta ce ba za ta sake amfani ba, sai sabuwa, mai makullin ɗakin kaya kuma ya fita salla. "Kada ka saki," in ji ta. "Ko wa ya shigo, kada ka saki. Kada ka ɗaga don ka leƙa." Ta fita.

Wanda ya shigo kuwa Isuhu ne, da kular abinci. Ya ga surukinsa zaune a bakin gado riƙe da hannun surukarsa, tsakar rana, a gaban jama'a. Ya aje kular, ya juya ya fuskanci bango, ya tsaya ƙyam.

"Malam, sakar mini hannu. Yaron nan na gani."

"Ba ya gani. Karatun bango yake."

Mayafinta ya zame, ba ta da hannun ja, hagun na dafe da gado. Na ga kanta a fili da rana, furfura ta cinye shi, ban san ta kai haka ba. A ƙarƙashin yatsana abin na bugawa. Ya buga, ya buga, ya yi kamar ya manta, sannan ya dawo.

"Hannunka na rawa," in ji ta.

"Tsufa ne."

"Da tsufan kake saran rami, ban ga sungumi na rawa ba. Mi likita ya ce?"

Na nemi abin da zan faɗa. Ni da ban taɓa rasa magana a gindin darbejiya ba, na buɗe baki na rufe. Ta daɗe tana kallona, ba ta juya fuska ba.

"Ka san randar bayan ƙofa," ta ce. "In ka ɗaga ta, ka tona kamar kamu ɗaya. Tulu ne, na liƙe bakinsa da laka. Da toka na gauraya irin, sai ka sheƙe."

"Ashe ɓerayen Gangara ƙarƙashin randa suke ajiya."

"Ka ji dai."

"Ba ni ji. Wanda ya binne shi zai tono."

"Kada ka bi ruwan farko, yaudara gare shi. Ka bari sai ka tona ka ji laima ta wuce tsawon hannunka. Kuma kada ka zuba duka, ka bar na baya. Yatsunka manya ne, ka rage ɗiba, ba tuwo kake ci ba."

Na ce mata wannan duk aikin mai ƙwarya ne, ni mai sungumi ne, kowa ya tsaya a matsayinsa. Ta ce to. Ta rufe ido. Can ta ce, "Hannunka da ɗumi." Ba ta sake cewa in saki ba.

Ban san tsawon zaman ba. Na dai san kafaɗata ta mutu, yatsana ya daina jin kansa, sai bugun nan kawai. Madam Gambi ta dawo da sabuwar munduwa, ta zagaya ta a hannun, ta daidaita jakar a gefen yatsana, ta ce in zare a hankali tana ba da iska. Yatsan ya ƙi miƙewa, sai da ta ɓamɓare shi da hannunta. Muka zuba ido ta cikin robar. Ja bai fito ba. Ta matsa farcen Tumba ta ga jini na dawowa, ta goge mata hannu, ta ce, "Inna, Allah ya san da ruwan nan, ya kuma san da hujin nan. Ki shafa a sama." Tumba ta shafa a sama ta yi sallarta a zaune. Madam Gambi ta dube ni, rigata duk jini, ta ce, "Bawana ya yi aiki yau." Ban rama ba. Ku rubuta wannan, Bazabarma ta ce mini bawa na yi shiru.

Saboda abin da ya faru sai aka koma farko. Ta riƙa zuwa da sirinjinta tana zuƙe iska kaɗan, ta tsaya ta duba, ta tafi. Sau ɗaya ja ya ɗan leƙo, ta mayar da iskar, muka ƙara jira. Sai bayan magariba aka cire. Abin da ke wurin ɗan ɗigo ne kamar cizon sauro, da shatin yatsana baƙi a gefensa.

Rabi ta yi kuka ta ce a bar mata uwarta, ga famfo ga asibiti kusa. Tumba ta ce ita ba ta yi sallama da ɗakinta ba. Muka juyo ta hanyar da muka bi. Jandarman Tsibiri ya gane mu, ya ce an samu lafiya? Na ce an samu. Inda muka bar Arɗo Buba, fata da ƙahon jar saniyar muka tarar a yashi. A gida mata suka cika ɗaki ganin inda aka shiga zuciya, suka ga ɗigon, wasu har suka ji haushi, wai duk wannan tafiya don wannan. Tumba ta kwance bakin zane ta raba musu busasshen burodi da sukari.

Shatin yatsana ya koma kore, ya koma rawaya, ya ɓace. Bayan ɓacewarsa ba da daɗewa ba, wata safiya ana tsakiyar zafin bazara, na dawo daga masallaci na same ta zaune a kan buzunta, ta jingina da bango kusa da randa. Na ce 'yar Gangara, yau ba kunu? Na faɗa sau biyu. Sannan na tsuguna na sa yatsana inda Madam Gambi ta nuna mini. Ba kowa a ɗakin, ba wanda zan ji kunya. Na daɗe ina dannawa.

Da ruwan farko ya sauka kuka fita da sungumi, ni na zauna. Na ji abin da kuka ce, wai rashi ya taɓa mini kai. Ba komai. Na jira na biyu, na tona na ji laima ta wuce hannuna, sannan na ɗaga randa. Tulun na nan, bakinsa a liƙe, da shatin yatsunta a lakar. Ko ita ke da gaskiya ko ku, kaka za ta raba mu, yanzu gero gwiwa ya kai, kuma kullum sama nake kallo kamar kowa.

Na shiga gona da sassafe na kama sara. Hannu ya san aikinsa, ban tsaya ba har ƙarshen layi. Na juya in ce ta ɗaga ƙafa rana na yi, sai na ga ramuka a buɗe tun daga inda nake har bakin gona, ƙwarya na aje a gindin kalgo inda na bar ta. Na jingine sungumi, na koma farko, na ɗauki ƙwarya.

To, kogin Yamai ya fi gulbinmu faɗi nesa ba kusa ba. Zabarmawa da hannu suke cin tuwo, masu cokalin 'yan gayu ne. Abin da na gano muku ke nan. Saura kuma bai wuce wannan yatsa ba. Duk ramin da na tsaya a kai na ɗebo iri, sai in ji abin nan na bugawa a cikinsa, in rage kaɗan in mayar cikin ƙwarya, in zuba, in rufe da ƙafa.